Takalmin Katakon Umma

Ranar da Anti Yayi ta shigo shagonmu, ina zaune ina ɗinke wa wani mai gadi silifas ɗinsa da ya tsinke karo na uku. Aikin da ya rage mana ke nan tun bayan rasuwar Baba: ɗinki, liƙi, sa dunduniya. Gizagonsa da wuƙaƙen sassaƙarsa suna rataye a bango, ni kaɗai nake kaɗe musu ƙura.

Anti Yayi ita ce mai babban shagon kayan mata na bakin titi. Ba wanda ya raɗa mata sunan sai bakinta, don ko tsumma ta ɗaga ta nuna maka, sai ta ce yayi ne. Ta dubi bencinmu ta ga ba ajinta ba ne, ta tsaya a tsaye ta miƙo mini waya.

"Auta, kalli nan."

Hoton wata budurwa ne, sanye da takalmin katako mai tudu. Fata ta rufe yatsu, an jera ƙananan ƙusoshi masu ruwan zinare a gefe.

"Ya dawo," in ji ta. "Abin da iyayenmu suka sa suka yar, yau yara kuka suke a kansa. Wanda ake shigowa da shi roba ce aka yi wa fentin katako, ni kuma na gaske nake so. An ce babanki ne gwaninsa a da. Ke fa? Kin iya, ko sai liƙin silifas?"

Ni ba a yi mini irin wannan tambayar in haɗiye. Tun ina 'yar shekara tara nake riƙe wa Baba katako, kuma cikin 'ya'yansa biyar ni kaɗai na gaji hannunsa. Na kuma gaji ƙafarsa, lamba arba'in da uku, abin da har yau ban gama yafe masa ba.

"Ƙafa nawa kike so?"

"Goma sha biyu, hagu da dama. Nan da mako uku, ranar Asabar, zan buɗe sabon sashe. 'Yan mata za su yi tafiya da su a gaban baƙi. Kada ki ba ni kunya, Auta."

"Anti, je ki shirya 'yan matanki."

Sai da ta fita na bari murna ta kama ni, don ba aiki kawai ta kawo mini ba. Yayanmu ya riga ya samo wani mai sayar da wayoyi da ke son shagon a ƙarshen wata. A ganin Yaya shagon ya mutu tare da Baba, ni ce dai na ƙi yarda a binne shi. Magana ta ƙarshe ta Umma ce, ita kuma da muka tsare ta mu biyu, iyakar abin da ta ce shi ne, "Ku bari in gani."

Me za ta gani? Shekara biyu ba ta taka shagon ba, alhali daga gida layi uku ne kacal. Tun wajen rasuwar Baba ciwon ƙugu ya kama ta. An je asibiti, an sha na sha, an shafa na shafawa, likita ya ce shekaru ne, mu muka ce har da kewa. Daga ɗaki sai tsakar gida, shi ma tana dafa bango. Na ƙudurta cewa in ba za ta iya zuwa ta gani ba, to za ta ji labari daga bakin matan unguwa.

Na jawo akwatin da Baba yake ajiye kwalayen awonsa, na tarar gara ta riga ni. Awon shekara da shekaru ya koma gari. Ban tsaya jimami ba, don na san inda akwai samfurin da ya fi kwali. A ƙarƙashin gadon Umma akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa kuma, naɗe cikin tsohon zane, akwai takalmin katakon da Baba ya sassaƙa mata tun kafin ya aure ta. Ba ta yarda a taɓa shi. Na san in na tambaya a'a za ta ce, saboda haka ban tambaya ba. Na jira ta shiga wanka, na zare shi na jefa a jaka.

Wallahi aiki ne. Shekara arba'in da wani abu, katakon bai tsage ba. Tudun ya kai faɗin yatsu huɗu, gaban ya ɗan lanƙwasa sama don ƙafa ta mirgina in ana tafiya, cikin kuma an ƙwaƙule shi yadda dunduniya za ta zauna daram, ga baki ya kewaye ta. Na ajiye hagu da dama a kan teburi, tsawonsu ɗaya kamar an tsaga kara.

Baba yana da dokoki biyu da kowa a gidanmu ya haddace. Ta farko ta aiki ce: kowace ƙafa da awonta. "Kada ki auna hagu ki juya kwali ki ce kin sami dama," yakan ce. "Wannan aikin malalata ne." Ta biyu ta gida ce: takalmi ba ya shiga ƙafar Umma sai ya kwana a shago. Ko saye aka yi, ko kyauta aka kawo, ko da silifas ɗin wanka ne, sai ya ce, "Kawo in duba ɗinkin," ya tafi da shi, washegari ya dawo da shi. Muna yara mukan tsokane shi mu ce kishi yake yi da kamfanonin takalma. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da shan shayinsa.

Dokar farko na bi, kuma na bi ta sau da ƙafa. Na auna warin hagu shi kaɗai, tsawo da faɗi da zurfi, na yanka kwalinsa na rataye a ƙusa. Washegari na yi wa na dama haka, na rataye a wata ƙusar. Ban taɓa ɗora awon wannan kusa da na wancan ba, don ban ga dalili ba. Na fara sassaƙa ƙafa ɗaya ta gwaji daidai lambar Umma, ta fito kamar Baba ne ya yi. Daga nan na ƙara awo na rage awo, na shiga goma sha biyun.

Layinmu ya san an tashi gizago. Telan da ke jikin bangonmu ya leƙo ya ce ƙarar tana sa shi karkata ɗinki, na ce ai tun kafin in fara ɗinkinsa a karkace yake. Yaya ma ya biyo da yamma ɗaya, ya ɗaga wari guda yana jinjinawa.

"Auta, wace mai hankali ce za ta ɗaura turmi a ƙafa?"

"Matarka ce za ta fara roƙona, Yaya. Ajiye mini kayana."

Abu ɗaya ne ban yi ba, ban sa ko ɗaya a ƙafata na taka ba. Ba ƙin yi na yi ba. Babu wanda ƙafata za ta shiga, babban yatsana kaɗai ya ishe su.

Ranar Laraba, saura kwana uku, na kai su gwaji. Shagon Anti Yayi madubi ta ko'ina, ƙasa sabon tayil mai ƙyalli. 'Yan mata shida suna jira. Aka buɗe kwali suka hau ihu, wannan tana shafa fata, waccan tana ɗaukar hoto. Na tsaya na harɗe hannu ina jin kaina yana girma.

Wata doguwa, wadda kowa ke kira Doguwa, ita ta fara. Ta zura ƙafa, ta miƙe ta kusa taɓa fanka, ta taho ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sautin kam babu laifi. Amma duk taku biyu sai kafaɗarta ta dama ta yi ƙasa. Na ce a raina ba ta saba ba ne. Ta biyu ta taho, ita ma haka. Ta uku haka. Da su shidan suka jeru suka taho tare, sai ka ce kwale-kwale ne ya ɗebi ruwa ta gefe ɗaya.

"Auta," in ji Anti Yayi a hankali, "me nake gani?"

"Daɓenki ne ya karkace, Anti."

Na faɗa da ƙarfi kuwa, har ni kaina na kusa yarda. Doguwa ta sunkuya. Ta cire takalman ta yi tafiya da ƙafa zalla daga bango zuwa bango, a miƙe sak, sannan ta dawo.

"Anti," ta ce mini, "kamar ƙafata ta hagu tana kan dakali, ta dama tana ƙasa."

Anti Yayi ta sha mur. "Kwashe kayanki. Juma'a da yamma in ba su gyaru ba, na roba zan sa musu. Kuma duk wadda ta tambaye ni, zan ce hannun babanki da shi aka binne."

Ban san yadda na iso shago ba. Na jera hagu da dama a teburi, na ɗora rula a kan bakinsu, ta zauna daidai. Na auna tudu ta waje, daidai. Na juya su na duba ƙasansu, daidai. Har na fara tsara zagin da zan koma in yi wa tayil ɗinta, sai na zura yatsa cikin gurbin dunduniyar hagu. Gaɓa ɗaya ta shige. Na zura a na dama, gaɓa ɗaya da rabi.

Na sauko da kwalayen nan biyu daga ƙusoshinsu, karo na farko na haɗa su wuri ɗaya. Ramin dama ya fi na hagu zurfi da kaurin ƙaramin yatsa. Na jawo na Umma, ainihin na Baba, na zura yatsa. Haka yake. Ban yi kuskuren kwafi ba ko kaɗan, kwafin ne ma ya yi kyau fiye da kima.

Raina ya ɓaci da Baba, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya taɓa sa ni na sake sassaƙa dunduniya sau huɗu saboda gashin katako, shi ne zai ƙwaƙule ƙafa ɗaya fiye da ɗaya? A takalmin neman aure kuma? Na zauna ina hararar gizagonsa. Amma ido yana kan aikin, kuma aikin bai yi kama da kuskure ba. An ɗaga bakin na dama daidai yadda zai ɓoye zurfin, an sassauta fatarsa daidai yadda ba za a gane ba. Mai kuskure ba ya ɓoye kuskurensa da irin wannan ƙwarewar.

Na rufe shago tun kafin la'asar na nufi gida. Ina shiga na tarar Umma tana ƙetare tsakar gida da buta a hannu, sanye da silifas mai laushi da matar Yaya ta sayo mata. Kullum ina ganinta tana wannan tafiyar, amma ranar ce na kalle ta da idon mai takalmi. Duk taku biyu sai kafaɗarta ta hagu ta yi ƙasa, ƙugun ya murɗa, ta dafa bango.

Na jira ta shige bayi, na faɗa ɗakinta na sake jawo akwatin ƙarfen. A ƙasansa akwai tsofaffin takalmanta, waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya a shekarar da Baba ya yi yana jinya. Sau nawa na ce ta kawo in gyara, ta ce a bar su. Na ɗauki warin hagu na wani baƙi, na ɗaga shimfiɗar ciki da farce. Ga fata nan an yanka ta daidai dunduniya, an fiƙe gabanta ya yi siriri, an liƙe. Na ɗauki wani, ga ta. Na ɗauki silifas ɗin wanka, an tsaga robar an cusa an mayar. Duk na hagu akwai, na dama babu ko ɗaya.

Ƙafar Umma ta hagu ba ta kai ta dama ba. Abin da takalma suke kwana a shago suna yi ke nan.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, na kewa da na kunya a haɗe. 'Ya'ya biyar, cikinsu har da mai gyaran takalmi, mun shekara biyu muna saya mata magani da silifas mai laushi. Amma ban daɗe ba, don hawaye ba ya cire ƙusa. Na mayar da akwatin, na wanke fuska.

Gyaran a fili yake. Na hagu zan ƙara wa zurfi ya tarar da na dama. Ranar Alhamis tun da sassafe na cire ƙusoshin wari goma sha biyu, na ɗaga fata, na shiga ƙwaƙula. Wannan karon kowane hagu yana gefen damansa, ina sassaƙa ina zura yatsa. Tela ya leƙo zai yi magana, ya ga fuskata, ya koma ya aiko mini da ruwan sanyi. Kafin azahar ta Juma'a na goge su, na mayar da fata, na buga ƙusa ta ƙarshe.

Sai na ɗauko ƙafar gwajin nan, wadda na fara yi daidai lambar Umma. Ita ban taɓa cikinta ba. Na dai sa zarto na rage tudun ya koma rabi, don matar da ta haura sittin ba ta bukatar taɓa fanka, na liƙa roba a ƙasa kada santsi ya ɗauke ta.

Da yamma Doguwa ta sa nata ta taho daga bango zuwa bango, kafaɗu a daidaice, ta juya ta dawo har da rangwaɗa. Sauran biyar suka bi ta. Anti Yayi ta tafa hannu ta ce, "Yayi ne!" kamar ita ta sassaƙa. Ta ce in zo gobe in zauna a layin gaba. Na ce ina da aiki, kuma ta gyara wancan tayil ɗin na kusa da ƙofa, don shi kam da gaske ya karkace.

A gida na tarar Umma tana zaune a bakin gado. Na ajiye tsohon takalminta a gabanta, naɗe cikin zanensa, na ajiye sabon a gefensa.

"Ashe ke ce ɓarauniyar," ta ce.

"Ni ce, Umma. Ki yi haƙuri. Wannan kuma naki ne."

Ta ɗauki sabon ta juya shi. Na ga ta zura yatsa a na hagu, ta zura a na dama. Ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta ce, "To," ta tura su ƙarƙashin gado. Na fita ina cizon yatsa, ban san ko na gyara ba ne ko na ɓata.

Ranar Asabar da hantsi, daidai lokacin da 'yan mata suke ƙwas-ƙwas a gaban baƙi, ni ina shago da Yaya. Ya zo da mai wayoyin nan, mutumin har ya zaro tef yana auna bangon da gizagon Baba yake rataye.

"Malam, cire tef ɗinka daga bangon ubana."

"Auta, kada ki yi mana rashin kunya," in ji Yaya. "Takalmi goma sha biyu ba ya riƙe shago. Yayi ne fa, gobe ya wuce. Umma ta ce a bari ta gani, kuma kin san ba zuwa za ta yi ba."

Ina buɗe baki in ba shi amsar da zan yi nadama, sai muka ji sauti daga kan layi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba gaggawa, taku daidai da taku. Tela ya tsayar da kekensa. Na leƙa.

Umma ce. Ita kaɗai, ba sanda, ba dafa bango, da jakar leda a hannu. Ba gudu take ba, ciwon shekara biyu ba ya tafiya a dare ɗaya, amma kafaɗunta a daidaice suke. Tela ya fito yana gaishe ta, mai shayi ya miƙe tsaye. Yaya ya saki baki ya manta da shi a buɗe.

Ta shigo ta zauna a bencin Baba, a gefen da take zama a da, tana mayar da numfashi. Ta dubi mai tef ta ce, "Ɗana, ɗan ba mu wuri." Ya fita, Yaya ya bi shi yana ba shi haƙuri.

Na durƙusa kusa da ita na rage murya. "Umma, kin sani?"

"Ƙafata ce fa, Auta."

"Tun yaushe?"

"Tun ina yarinya ana kwaikwayon tafiyata a hanyar makaranta. Ranar da babanku ya kawo mini wancan takalmin, na sa, na yi taku uku, na gane abin da ya yi. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Haka muka zauna har Allah ya ɗauke shi."

"To ni me ya hana ki faɗa mini? Shekara biyu kina fama! Aikin minti goma ne, Umma!"

"Rage murya, ba a kasuwa kike ba." Ta gyara mayafinta. "Abin da mutum ya rufa mini duk tsawon rayuwarsa, ni zan buɗe shi da bakina? Na ce ku bari in gani. Gizago kowa zai iya gada. Jira nake in ga ko ya bar wa wani idonsa."

Ranar na san ba daga Baba kaɗai na yi gado ba. Taurin kan nan nawa ga inda aka sassaƙo shi, yana zaune a gabana cikin takalmin katako.

Yaya ya dawo ya tsaya a ƙofa. "Umma, mutumin nan yana jira. Me za a ce masa?"

Umma ta gyara zama. Ta buɗe jakar ledar ta fara fito da kaya tana jerawa a kan teburina: silifas mai laushi na matar Yaya, takalmin fita da babbar yayarmu ta aiko, na wanka, har da wani ja da ba ta taɓa sawa ba. Ta tura su gabana.

"Auta, duba mini ɗinkin waɗannan. Su kwana, gobe ki kawo."

Sannan ta juya ga Yaya.

"Ka ce masa ya nemi wani wurin. Nan takalmana suke kwana."